Motar Fijo

Sunanta Peugeot 504, amma mu Fijo muke ce mata. A Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968. Da aka buɗe masana'antarta a Kaduna cikin 1975, sai aka riƙa kawo sassanta Kano a jirgin sama, a kai Kaduna a harhaɗa.

Direbobi sun so ta ainun saboda juriya. Takan kwashi mutane da kaya daga Sakkwato zuwa Tambuwal, ta shiga ƙauyukan Kebbe, inda ƙananan motoci kan kafe da damina.

Faransa ta daina ƙera ta cikin 1983, Kaduna kuwa sai 2006. Yanzu in tsohuwar Fijo ta lalace, sai makaniki ya ciro kayan wata ya sa mata.