Rerawa da Cutar Mantuwa: Iyakar Abin da Waƙa Ke Riƙewa

Cutar mantuwa, wadda jama'a suka fi sani da gigin tsufa, lalacewa ce da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun haura miliyan 55, mafi yawansu kuwa nau'in Alzheimer ne ke damunsu. Ɓarnar wannan nau'i takan fara ne daga hifokamfus, wato ɗan sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar sabon abu ya adana shi, shi ya sa tsohuwa kan manta ko ta karya kumallo, alhali waƙar da aka rera ranar kamunta tana nan daram a bakinta, har da amshi. Binciken da mujallar Brain ta buga a 2015 ya nuna cewa sassan da ke riƙe tsofaffin waƙoƙi suna cikin waɗanda cutar ke jinkirin taɓawa, kuma mawaƙin Amurka Tony Bennett, wanda aka gano yana da cutar a 2016, ya rera waƙoƙinsa a dandali a 2021 yana ɗan shekara 95.

Abin da ya fi wuya shi ne ko waƙa za ta iya shigar da sabon bayani, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna zuba fiƙihu cikin baitoci don sauƙaƙa hadda. A 2010 masu bincike a Boston, wato Simmons-Stern da abokan aikinsa, sun gano cewa majinyata sun fi gane kalmomin da aka rera musu fiye da waɗanda aka karanta musu. Da suka sake gwaji a 2012 da baitoci kan hidimomin yau da kullum, sai ya bayyana cewa jigon saƙo ne kawai ke zama, wato majinyaci kan tuna an yi zancen ƙwayar magani, amma filla-fillan bayanin yakan zube, wanda kuwa shi ne mai jinya ya fi bukata.

Saboda haka, duk mai tallan waƙa a matsayin maganin mantuwa ya zarce gona da iri. Nazarin cibiyar Cochrane na 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya sami raguwar baƙin ciki ga majinyata, amma bai ga wani ƙarin kaifin tunani na a zo a gani ba.