Kiranyen Mota: Wasiƙar da Ba Ta Ƙetare Teku

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen mota ya san yadda ake yi. A ɗauko bakanike, a buɗe bonet, a tayar da inji kowa ya kasa kunne. A zaro sandar gwada mai a shafa a yatsa, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a ƙwanƙwasa jikin motar a ji ko an taɓa yi mata aikin fenti. Daga nan sai takardun kwastan, sai ciniki. Na sha tsayawa a irin wannan wuri, amma da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya kwafi 'yar lambar nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, don ya bincika ko kamfanin da ya ƙera motar yana cigiyarta.

Mu nan mun fi sanin kiranye a siyasa, lokacin da jama'a suka gaji da ɗan majalisarsu. To, mota ma ana yi mata. Idan kamfani ya gano, ko hukuma ta tilasta masa ya amsa, cewa wani ɓangare na motocin da ya sayar yana da lahanin da zai iya halaka mutum, sai ya kira masu motocin su kawo a gyara. A Amurka doka ce tun shekarar 1966, kuma hukumar kiyaye haɗurran ababen hawa ta ƙasar, NHTSA, ita ke sa ido. Kamfani na da kwana 60 ya aika wa kowane mai mota wasiƙa, shi kuwa mai mota ya kai ta wurin dilan da kamfanin ya amince da shi a yi masa gyaran kyauta, kaya da kuɗin aiki duka.

Ina ruwanmu da dokar Amurka? Ruwanmu shi ne tokumbo. Motar da aka saya a gwanjo a Texas ko Florida, aka loda a jirgin ruwa, aka sauke a Kwatano ko Legas, aka koro ta Kano ko Maraɗi, ta zo da lahaninta, ita kuwa wasiƙar tana can an jefa a akwatin gidan mutumin da ya daɗe da rabuwa da motar. Dokar tarayyar Amurka ta hana dila sayar da sabuwar mota da ke cikin kiranye sai ya gyara, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Tsofaffin kuwa su ne rabonmu.

Babban misali shi ne jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, wadda makanikai ke kira eyabag. A tsakiyar sitiyari, da kuma cikin dashbod gaban fasinja, akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe da ke ɗauke da sinadari. Idan aka yi karo, sinadarin ya kama da wuta, ya fitar da iskar da ke hura jakar kafin ƙiftawar ido, don kada fuska da ƙirji su daki ƙarfe. Takata ta yi amfani da amoniyam naitiret, sinadarin nan na takin zamani, wanda irinsa ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Beirut a 2020. Yana da araha, sai dai ba ya jure shekaru. Laima ta shige shi, zafin rana da sanyin dare su yi ta juya shi, har ya lalace. Ranar da aka buƙace shi sai ya ci da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya fashe, gutsattsarin ƙarfe su yi kan wuya da fuskar wanda aka sa jakar don ta cece shi.

A 2014, a birnin Orlando na jihar Florida, wata mata ta yi ɗan karo da motarta Honda Accord ƙirar 2001. Raunukan da aka gani a wuyanta sun yi kama da sukan wuƙa, har 'yan sanda suka fara binciken kisan kai. Kimanin mako guda bayan rasuwarta wasiƙar kiranye ta iso gidanta. Shekara biyar kafin nan, wata yarinya 'yar shekara 18 a Oklahoma ta gogi wata mota a filin ajiye motoci na makaranta, irin gugar da a nan za a fito a yi cacar baki a watse, amma ƙarfe ya tsinke mata jijiyar wuya.

Kiranyen farko da Honda ta yi a kan wannan matsala a 2008 motoci wajen 4,000 kawai ya shafa. Kafin a ankara abin ya kai jakunkuna kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, a motocin kamfanoni 19, kiranyen mota mafi girma a tarihin ƙasar. Aƙalla mutum 28 suka mutu a can, fiye da 400 suka jikkata, ban da waɗanda suka rasu a Malesiya da Faransa da wasu ƙasashe. A 2017 Takata ta amsa a gaban kotu cewa ta yi maguɗi a sakamakon gwaje-gwajenta, aka ɗora mata dala biliyan 1, a shekarar kuma ta durƙushe. Kamfanin ya tafi, gwangwanayensa na nan a sitiyarin mutane.

Duba jerin motocin ka ga ko baƙi ne a titunanmu. Waɗanda suka fi haɗari su ne Honda Accord da Civic ƙirar 2001 da 2002, CR-V da Odyssey na 2002, da Pilot na 2003. Gwaji ya nuna cewa a cikin irin waɗannan, yiwuwar fashewar gwangwanin idan jakar ta buɗe na iya kaiwa kashi 50 cikin ɗari. A 2023 Honda ta ce kada wanda ya ƙara tuƙa su sai an gyara. A farkon 2024 Toyota ta faɗi haka a kan Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005. Nissan ma ta bi sahu a kan Sentra da Pathfinder na farkon shekarun 2000. Waɗannan su ne motocin malamin makaranta da ɗan tasi da mai kai yara islamiyya.

Wani zai ce ai Arewa busasshiya ce, laima ke lalata abin. Ka tuna shekarun da motar ta yi a gaɓar teku kafin ta zo hannunka, ka haɗa da damina, ka haɗa da ranar watan Afrilu da ke gasa mota a bakin kasuwa har sitiyari ya gagari taɓawa. Kuma lahanin ba ya nuna alama. Fitilar gargaɗi ba za ta kama ba, na'urar da bakanike ke jona wa mota ba za ta gani ba.

Ba jakar iska ce kaɗai ba. A 2023 Hyundai da Kia sun kira motoci sama da miliyan 3 saboda man burki na iya yoyo cikin na'urar burkin ya tayar da gobara ko da mota a kashe take, har suka ce a riƙa ajiye su a waje, nesa da gini. Mu kuwa a cikin gida muke kwana da mota, sau da yawa a gindin tagar ɗaki.

Binciken kansa bai kai wahalar tura kuɗi ta waya ba. Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Tana ƙasan gilashin gaba, tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, tana kuma cikin takardun mota, kuma ya kamata ukun su zo daidai. Babu haruffan I da O da Q a cikinta, saboda haka idan ka ga mai kama da O, sifiri ne. Idan motar daga Amurka ta fito, shiga shafin nhtsa.gov/recalls ka rubuta lambar, nan take zai nuna ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Motar Beljiyam, wato wadda ta fito daga Turai, sai a duba shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Mafi alheri shi ne a yi wannan tun motar tana can. Mai yin odar mota ya roƙi wakilinsa ya kai ta wurin dilan kamfanin kafin a loda ta. Waya ce za a buga a ba da lambar, su tanadi kayan, su sa rana. Canjin gwangwanin jakar iska yawanci aikin 'yan sa'o'i ne, ba a biyan ko sisi, kuma ba sa tambayar ko kai ne ka saye ta sabuwa. Za su iya miƙo maka jerin wasu gyare-gyare na kuɗi da suka ce sun hango, wannan ganin damarka ne, ba sharaɗin gyaran kiranye ba ne. Ka karɓi takardar shaidar aikin ka haɗa da takardun mota.

Idan kuwa ta riga ta iso, dokar Amurka ta tsaya a iyakar Amurka, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ka ɗauki lambar da sakamakon da ka gani ka je wurin wakilin kamfanin na ainihi a ƙasarka, ba rumfar da aka liƙa wa tambarin Toyota ba. Ka nemi su duba a kwamfutarsu, su faɗa maka a rubuce abin da za su yi da abin da za ka biya, in akwai. A Nijeriya, wanda ya sayi sabuwar mota a hannun wakili aka kuma yi masa wasa da hankali, yana da damar kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne gyaran dabara. Kada ka yarda a ciro maka jakar iska daga motar da ta yi haɗari ko daga kasuwar tsofaffin kaya. Mai yiwuwa ita ma ta Takata ce, sa'ar taka ko ma ta girme ta, ka ga an gudu ba a tsira ba. Akwai kuma jabu, akwai masu cusa tsumma a gurbin jaka su kashe fitilar gargaɗin don mota ta sayu. Bakanikenka na iya zama gwani kuma mai amana, amma sabon gwangwanin daga kamfani yake fitowa, ba ya da shi a akwatin kayan aikinsa.

'Yan uwa dillalai, ku ma da sauƙi a gare ku: duba kowace mota kafin ku sa ta a layi, ku gaya wa mai saye gaskiyar abin da kuka gani. Kai kuma mai karatu, in akwai mota a ƙofar gidanka, ko ta ofis ce ko ta maƙwabcin da ke kai maka yara makaranta, fita yau ka ɗauki hoton lambar nan da wayarka ka duba.