Zuƙa ko Busa: Wanne Ya Fi Amfanar Mai Cutar ALS?

Idan aka ce za a horar da numfashin majinyaci, hankali kan tafi kai tsaye wajen shigar iska, tunda da ita ake rayuwa. A cutar ALS kuwa, maganar ba ta tsaya nan ba. Ita ce cutar da likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1869, mai kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarni sannu a hankali, har cokali ya gagari hannu, daga baya ƙirji ma ya gaza.

Horo biyu ake yi, kuma na'urorinsu duk ba su wuce a riƙe a tafin hannu ba. Kowace da bawul da sifirin a ciki. A ɗaya, mutum zai zuƙi iska da ƙarfi har bawul ya buɗe, don ƙarfafa faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki. A ɗayar kuwa busawa zai yi, aikin ya faɗa kan tsokokin ciki da na tsakanin haƙarƙari.

Horon zuƙa ya fi kwanta wa mai tunani a rai, sai dai gwaji bai ba shi gaskiya sosai ba. An gwada shi a Ostareliya a 2009, aka sake a Lizbon a 2012 kan mutum 26, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Bai cutar da kowa ba, wannan kam abin a faɗa ne, domin an daɗe ana fargabar motsa tsokar da jijiyarta ke mutuwa zai ƙara rusa ta. Ga shi kuma raunin zuƙa yana da mai tare masa faɗa: injin da ke tura iska ta takunkumin fuska cikin dare. Binciken da aka yi a Niyukasil ta Ingila, aka buga a 2006, ya nuna injin ya ƙara wa waɗanda maƙogwaronsu ke da sauran ƙarfi kimanin kwana 205 na rayuwa. 

Busa fa? Nan ne tari ke shigowa, kuma ni a ganina nan labarin yake. Mai lafiya idan ruwa ya ƙware shi, tari biyu ya wadatar. Wanda tsokar cikinsa ta saki, tarinsa ba ya wuce ɗan huci, sai kaki da yawu da ɓurɓushin abinci su zauna a huhu su haifar da nimoniya. Ita ce ta kwantar da masanin kimiyya Stephen Hawking, mai cutar ALS, a Jeniba a 1985, aka huda masa maƙogwaro, muryarsa ta tafi ke nan.

Masu bincike a Jami'ar Fulorida ne suka fi dagewa a kan horon busa. Tsarinsu mai sauƙi ne: majinyaci ya zauna, a matse masa hanci da ɗan maƙali, ya cika ƙirji, ya kama bakin na'urar da leɓe, wani lokaci matarsa ko ɗansa ya dafe masa kumatu kada iska ta tsere, ya busa har a ji bawul ya yi "fuss". Sau biyar, a huta, a sake har zagaye biyar, wato busa 25 a rana, kwana biyar a mako. A 2019 ɗaya daga cikinsu, Emily Plowman, da abokan aikinta suka buga gwajin mako 8 kan masu ALS 48, ƙarfin busawar waɗanda suka yi horon gaske ya ƙaru. Da suka haɗa horon biyu a wani gwaji na 2023, busar ce ta sake nuna ci gaba ƙarara, zuƙar ba ta kai ba.

Kada dai a ɗauka magani ne. Jijiyar da ta mutu ta mutu, ragowar ake lallaɓawa, shi ya sa ake sassauta nauyin: masu cutar Fakinsan kan busa a kashi 75 na iyakar ƙarfinsu, masu ALS kuwa kashi 50 ko 30. Kuma a farkon ciwo ake cin moriyarsa. Ranar da leɓe ya daina kama bakin na'urar, sai a ajiye ta, a ɗauko injin da ke cika huhu ya zuƙo kaki waje, shi ya yi wa mutum tarin.