Mai ciki da mai goyo a gidan da nama ba ya shiga tukunya

Mu faɗi gaskiya, mata: a gidajenmu da yawa, daga Tibiri har Mirriya, nama sai ranar suna ko sallah. Kullum tuwon hatsi, miyar kuka, wake, kwaɗon zogala. Abinci ne mai kyau, amma mai ciki tana buƙatar ƙarin jini fiye da abin da ganye yake bayarwa.

Shi ya sa ake ba mu ƙwayoyin ƙarin jini wurin awon ciki, guda ɗaya kowace rana. Da yawanmu muna sha kwana uku, zuciya ta tashi, mu tura su ƙarƙashin katifa. Ku sha da dare bayan tuwo, tashin zuciyar yana raguwa. In bayan gida ya yi baƙi, ba ciwo ba ne, aikin maganin ne. Kada a haɗa shi da shayi, shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen. Lemun tsami kuwa yana taimakawa.

Akwai bitamin B12, wanda zogala ba ta da shi, wake ma haka. Sai a nono, ƙwai, kifi ko nama. In uwa ta rasa shi, nononta ma zai rasa, kuma ƙwaƙwalwar jariri ce take shan wahala. Saboda haka furar mai goyo a dama ta da nono, ba ruwa zalla ba.

Yaro ya cika wata 6, a fara kunu da garin gujiya da ƙwai, a kai shi ya karɓi bitamin A kowane wata 6. Batun wai ƙwai yana sa yaro sata, mun bar wa kakanni.