Dutsen Arlit da Hasken Rana: Daga Ina Ƙarfin Yake Fitowa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Agadas, ya aiko da tambaya: wai me ke cikin dutsen yuraniyom ɗin nan na Arlit har manyan ƙasashe ke rububinsa? Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin.

Ka leƙa wajen masu suya a nan Briqueterie bayan magariba. Gawayin da ke ci yana ba da zafi, amma fatar ƙwayar zarra kawai wutar ke taɓawa. Ita zarra, wadda da ita aka gina kowane abu, tana da cibiya a can tsakiya, kuma a nan dukiyar take. Cikin cibiyar akwai 'ya'ya iri biyu, furoton da nitiron. Furoton ba sa ga-maciji da juna, kullum ture juna suke. Abin da ke riƙe su wani ƙarfi ne mai kama da igiya, sai dai gajere ne, makwabci na kusa kawai yake kamawa. Shi ake kira ƙarfin ɗauri.

To, ba kowace cibiya ce ta ɗauru daidai ba. Masu matsakaicin girma irin ta baƙin ƙarfe su suka fi ɗauruwa tamau. Ta yuraniyom kuwa furoton 92 gare ta, kamar motar da aka yi wa lodi fiye da kima, igiya na nishi. Idan nitiron guda ya faɗa mata, sai ta tsage biyu, ta saki wasu nitiron biyu ko uku, su ma su je su tsaga na gaba. A Jamus aka gano haka a Disamba 1938, a ɗakin binciken Otto Hahn.

Ɗan kasuwa, ga inda sikelinka zai yi aiki. In ka auna gutsattsarin bayan tsagewa, za ka tarar sun gaza nauyin farko da kusan kashi 1 cikin 1,000. Ba sata aka yi ba. Wannan giɓin ne ya koma zafi, kamar yadda lissafin Einstein na 1905 ya nuna. Da zafin ake tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a samu wutar lantarki. Kilo ɗaya na irin yuraniyom mai tsagewa ya fi tan 2,000 na kwal zafi, sai dai irin nan kashi 7 ne kacal cikin 1,000 na abin da ake haƙowa.

Rana kuma ta ɗaya gefen take bi. A cikinta ƙananan cibiyoyin haidurojin ke haɗewa su zama hiliyom, wanda ya fi su ɗauruwa, rarar ta fito a matsayin haske. Wato ciyawar da shanunka ke kiwo, da wannan haɗewar ta tsiro. Har yanzu ɗan Adam bai kai ga ba gari wuta ta wannan hanya ba, ana dai gina babban injin gwaji mai suna ITER a kudancin Faransa.

Kada ka ce abin na Turai ne. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramin injin bincike na nukiliya tun 2004. Nan gida Kamaru ma akwai yuraniyom a ƙasar Poli, kudu da Garwa, inda makiyaya ke kiwo.

Shi ya sa muke jan kunne. Tururin da wannan dutse ke fitarwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma tafasa ruwa ba ya kashe shi. A 2009 masu binciken Greenpeace sun auna shi a jikin tsofaffin ƙarafa a kasuwar Arlit. Don haka mai sayen gwangwani, ka tambayi asalin ƙarfe kafin a ƙera tukunya da shi. Makiyayi, ka nisanta garke daga tulin ƙasar ma'adinai da ruwan da ke kwance kusa da ita, ko da rani ya yi tsanani. Rigakafi ya fi magani.

Mai tambaya, da fatan ka gamsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.