Sirrin Majinyaci da Wayar Hannu: Wa Ya Fi Sanin Labarinka?

Duk wanda ya taɓa kawo mai tarin fuka asibiti ya san tambayoyin da muke yi: da wa yake kwana ɗaki ɗaya, akwai wani mai tari a gidan? Wannan shi ne bin diddigin waɗanda suka yi cuɗanya da mai cuta, kuma tsohon aiki ne. Da shi aka shawo kan Ebola a Legas da Fatakwal a 2014, inda ma'aikata suka bi mutane kusan 900, kowa ana duba shi har kwana 21.

Da korona ta ɓarke a 2020, wasu ƙasashe suka ɗora wani ɓangare na aikin a kan wayar hannu. Nan fa hankalin jama'a ya tashi, aka ce gwamnati za ta san duk inda mutum ya sa ƙafa.

To, yaya abin ya yi aiki? A tsarin da kamfanonin Apple da Google suka fito da shi a shekarar, idan wayoyi biyu suka kusanci juna sai su yi musayar wasu lambobi ta Bluetooth. Lambobin ba su ɗauke da suna ko wurin da mutum yake, suna sauyawa bayan 'yan mintoci, kuma a cikin wayar ake ajiye su na kwana 14. Idan gwaji ya nuna mutum ya kamu, shi ne zai yarda a sanar, sai waɗanda suka zauna kusa da shi su ga gargaɗi ba tare da an faɗi ko wane ne ba. Ingila ta yi amfani da irin wannan manhaja, ta rufe ta a 2023.

Amma masu tsoron ba su rasa hujja ba. A Singafo an shaida wa jama'a cewa bayanan manhajar TraceTogether na yaƙi da cutar ne kawai, sai ga shi a farkon 2021 gwamnati ta amsa cewa 'yan sanda na iya karɓarsu don bincike. Sai da aka yi doka ta taƙaita hakan ga manyan laifuffuka. Hukuma na da ikon kama mutum, don haka in ta saɓa alkawari, dole a ji tsoro.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a cikin wayar nan da ake wannan tsoro akwai shafukan sada zumunta da muka miƙa wa komai da hannunmu: suna, hoto, lambobin 'yan uwa, har inda muke. Da waɗannan bayanai suke cinikin talla. A 2018 ta bayyana cewa an kwashi bayanan mutane har miliyan 87 daga Facebook, suka shiga hannun kamfanin Cambridge Analytica. Wanda ya fi shafar aikina kuwa shi ne na 2021, lokacin da hukumar kare masu saye ta Amurka ta zargi masu manhajar Flo, wadda mata ke lissafin al'ada da ita, da miƙa wa Facebook da Google bayanan mata, har da batun juna biyu.

Ba sai an je Amurka ba. A ɗakin awo na sha ganin mace ta ɗauki hoton takardar sikanin ta sa a WhatsApp don murna, alhali sunanta da lambar katinta da watannin cikin duk suna jiki. Cikin da take ɓoye wa dangin miji, kafin la'asar ya zagaya unguwa. 'Yan dubiya ma kan ɗauki hoton nasu majinyacin, a bayansa kuwa ga wata baiwar Allah kwance a gado ba mayafi, ba wanda ya nemi izininta.

Mu ma'aikata Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana mu fitar da sirrin majinyaci, sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko na doka, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Saboda haka idan ma'aikaciya ta tambaye ki su wa kike zaune da su, ki faɗa mata, kina kuma da damar tambayarta wa zai ga sunayen. In kuwa ya zama dole ki tura wa maigida sakamakon gwaji ta waya, rufe suna da lambar kati da yatsa kafin ki ɗauki hoton, ki kuma duba da kyau kada ki tura shi cikin zauren 'yan uwa.