Abin da Takarda Ta Ce da Abin da Tukunya Ta Bayar

 Yau tambaya ɗaya muka riƙo, wadda ke damun ɗalibin sakandare kamar yadda take damun mai masana'anta: idan an haɗa sinadarai, me ya sa abin da ake samu a hannu ba ya kai abin da lissafi ya ce?

Ga lissafin a gurguje. Giram 28 na iskar naitirojin da giram 6 na haidurojin, a takarda, za su ba ka giram 34 na amoniya, uwar takin yuriya. In ka auna ka tarar da giram 17, ka sami kashi 50 cikin ɗari ke nan. Abin da ka samu, a raba da abin da ya kamata ka samu, a ninka da ɗari. Mai kuli-kuli ta san wannan tun tuni: duk yadda ta matse tunkuza, akwai man da zai maƙale a ciki.

To amoniya tana da wani hali mai wuyar sha'ani. Tana haɗuwa, tana kuma warwarewa ta koma iskokin da aka yi ta da su, duk a lokaci guda. In tukunyar ba zafi sosai, kason da za a samu yana da yawa, amma haɗuwar tana tafiyar hawainiya. In ka ƙara wuta, aiki zai yi sauri, sai dai amoniyar ta dinga wargajewa. Ku riƙe wannan: sanyi yana ba da yawa, zafi yana ba da sauri. Matsi kuwa abokin tafiya ne, domin awo huɗu na iska ne ke komawa awo biyu, saboda haka duk yadda ka matse su, kana tura su wajen zama amoniya.

Wani masani ɗan Faransa, Henri Le Chatelier, ya gane wannan ƙa'ida, har ya gwada haɗin a 1901. Na'urarsa ta yi bindiga. Daga baya aka gano iskar da muke shaƙa ce ta saɗaɗa ciki. Gurɓata kaɗan, aiki ya tashi, ya kuma bar maganar. A 1909 ne Fritz Haber, a birnin Karlsruhe na Jamus, tare da mataimakinsa Robert Le Rossignol, ya nuna amoniya tana ɗigowa ɗis-ɗis daga wata 'yar na'ura da ke kan tebur, ƙarƙashin matsi kusan ninki 200 na iskar da ke kewaye da mu.

Amma ni, masu sauraro, wanda ya fi burge ni shi ne Carl Bosch na kamfanin BASF, da aka ɗora wa nauyin mai da 'yar na'urar nan masana'anta. Tukwanensa na ƙarfe mai tauri suka riƙa tsagewa bayan 'yan kwanaki. Bosch ya san ƙarfe, sai ya yanko gutsure ya duba da kyau. Ashe haidurojin ce ke kutsawa cikin jikin ƙarfen tana cinye sinadarin gawayin da ke ba shi ƙwari, har ya koma mai saurin karyewa. Me ya yi? Ya shimfiɗa tattausan ƙarfe daga ciki, ya rufe da mai tauri daga waje, sannan ya huda na wajen da ƙananan ƙofofi don haidurojin da ta ratso ta fice abinta. Ku ji fa, ya huda tukunya don kada ta fashe! A 1913 masana'antar BASF da ke Oppau ta fara aiki.

Shi kuma Alwin Mittasch, shi ma na BASF, ya yi dubban gwaje-gwaje yana neman abin da zai gaggauta haɗuwar, domin na Haber, osmiyom, tsada gare shi, ga ƙaranci. Ya dace da wani dutsen ƙarfe daga ƙasar Suwidin. A lura, irin wannan sinadari ba ya ƙara kason da za a samu a ƙarshe. Hanya kawai yake gajartawa. Farar wuta kaɗan kuma tana iya kashe shi.

Da duk wannan, a zafin digiri 400 zuwa 500, kashi 15 cikin ɗari ko kusa da haka ake samu a zagaye guda. Kashi 15 kacal. Sai a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a kwashe, ragowar a mayar tukunya, a sake, a sake, har jimillar ta haura kashi 95. Da irin wannan amoniya ake yin yuriya a masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022, manomi ya zuba wa masararsa.

Agogo yana harararmu. Saura a ce wani kason yana salwanta wajen tacewa da juyewa daga kwalba zuwa kwalba, wani kuma yana karkata ya zama sinadarin da ba shi ake nema ba. Ɗalibai, in lissafinku ya haura kashi 100, ku koma ku busar da abin, akwai sauran ruwa a jikinsa.